Lagireton goran ruwa a BMW E46 330i: zai iya da gosulon gari da filin wasa?

Ɗan_Malali330

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin mota ku taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗi a inda ba nan ne ciwon ba. Ina da BMW E46 330i ƙirar 2003, injin M54 mai silinda 6, lita 3. Otomatik na saye ta, bara muka mayar da ita manuwal saboda wasa. Da ita nake zuwa aiki kullum daga Malali zuwa Kakuri, ranar Lahadi kuma in an samu fili a wajen gari mukan je mu juya ta ni da abokai.

Matsalar ita ce zafi. A kan hanyar Zariya ko bayifas in ina gudu ba ta da wata damuwa, allura na nan a tsakiya cak. Amma da na shiga gosulon Ahmadu Bello Way wajen kasuwa da rana, ga esi a kunne, sai in ga allura ta fara lallaɓawa tana hawa, dole in kashe esi in sauke gilas. A fili kuwa abin ya fi muni, zagaye uku ko huɗu a giya ta biyu ina danna totur ta kai ja. Lahadin da ta wuce har amai ta yi, ruwa ya fito ta murfin tanki yana tururi, na tsaya wajen minti arba'in kafin in iya taɓa murfin, wlh raina ya ɓaci sosai dan motar nan ina sonta kuma na sha wahala kafin ta kai haka.

Wani abokina ya ce kawai in cire lagireton kamfani mai kan roba in saka na goran ruwa zalla mai layi uku, wai shikenan an wuce wajen. Na ga ana ta maganar na kamfanonin Mishimoto da CSF da Koyorad, sannan akwai wasu marasa suna masu araha da ake kawowa daga Chana. Tambayata, wanne zan saka da zai yi min aikin gari ya kuma yi na fili? Kuma kaurin ne ke sanyaya mota ko me? Bayani ƙari, tun da na saye ta wanda ke duba min ita a lokacin ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya ce na ƙasar sanyi ne ba namu ba. Ruwa kuma fiya wata nake ƙara mata in ya ragu.

Oga_Panteka

Wa alaikumus salam ƙanina. Layi biyun ƙarshe da ka rubuta su ya kamata ka fara da su, dan a nan rabin amsarka take. Shekarata sama da ashirin ina kwance motocin Jamus, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya sayo lagireto mai tsada ya ɗora a kan tsarin da ya riga ya lalace, bayan sati biyu ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu.

Ka lura da abin da motar ke faɗa maka. Kana gudu a babban titi ba ta zafi, ka tsaya a gosulo ta yi zafi. In da lagireton ne ya yi mata kaɗan, ai a kan gudu za ta fi nunawa tunda a nan injin ke aiki sosai. Mota mai zafi a tsaye ta huce a tafe, iska take nema, wato fanka. Taka tunda otomatik ce asali tana da fanka biyu, ta inji mai kuloci da ke ɗaure a bakin famfon ruwa, da ta lantarki a gaban kwandensar esi. Kulocin fankar nan in ya tsufa za ka ga tana juyawa kamar lafiya lau amma ba ta jan komai. In inji ya yi zafi sosai ya kamata ka ji ta kama tana gurnani kamar babbar mota, in ba ka taɓa jin wannan ƙarar ba toh ta mutu. Ta gaban kuma ka kunna esi ka leƙa ta hancin motar ka gani ko tana tashi, da yawa a garin nan ta daɗe da ƙonewa masu motar ba su sani ba.

Sai maganar tamostat, wannan kam ita ke ƙona min rai da 'yan uwana kanikawa. Na M54 haɗe yake da gidansa na roba, kuma akwai waya a jikinsa. Da kansa yana buɗewa a wajen digiri 97, amma in ka taka mota da ƙarfi kwamfutar injin tana ɗumama shi ta wayar nan ya buɗe da wuri. Masu cirewa fasa cikinsa suke yi su mayar da fankon gidan. Abin da ba su sani ba, irin wannan tamostat ɗin ba buɗe hanyar lagireto kaɗai yake yi ba, in ya buɗe ta yana kuma toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi yana ta zagaye cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Da safe kuma lokacin hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa, ta riƙa shan mai tana baƙanta fulogi. Ka mayar da shi, sabo, mai kyau.

Fiya wata kuma ka daina daga yau. Shi da ruwan rijiya da na burtsatse duk ɗaya ne a wajen mota, suna barin farin ƙanzo a cikin bututun lagireto kamar yadda kake gani a gindin butar shayi. Na taɓa yanka wani lagireton E46 da zarto na nuna wa mai shi, layukan ƙasa wajen guda goma a toshe suke tam da wani abu kamar alli, ka sa ƙusa ka kankare yana zuba. In ka ɗora na goran ruwa ka ci gaba da zuba masa irin ruwan nan shi ma haka zai koma.

Turbo_Barnawa

Oga na yarda da maganar fanka amma ni fa ina ganin ya saka na goran ruwan kawai. Ni E36 gare ni kuma sau biyu wuyan lagireto na roba yana ɓallewa a hannuna, na biyun ma a Maraban Jos da daddare, tiyon sama ya fita da guntun wuyan a cikinsa ruwa ya zube tas cikin minti ɗaya. Tunda na saka na ƙarfe zalla ban sake jin wannan tsoron ba. Motocin nan sun haura shekara ashirin, robar ta gama dahuwa, ka matsa da yatsa ta ruguje kamar biskit. Mai wasa da mota bai kamata ya dogara da roba ba, iyakar ra'ayina kenan.

Injiniya_U/Rimi

Sannunku da ƙoƙari. Malam Turbo gaskiyarka ta fuskar ƙarko, amma tambayar ɗan uwanmu biyu ce a haɗe, akwai wanda ba ya fashewa akwai kuma wanda ya fi sanyaya ruwa, kuma ba lallai su zama abu ɗaya ba. Lagireton da BMW ta saka ma ai cikinsa goran ruwa ne, tankunan gefe ne kawai roba. Don haka canjawa zuwa na ƙarfe zalla ba wai ka samu wani sabon sinadari mai sanyi ba ne, abin da ka samu shi ne walda a madadin roba da aka matse da haƙoran ƙarfe, sai ɗan ƙarin kauri da ƙarin ruwa.

Kaurin nan kuma a kula da shi. Lagireto ba ya cinye zafi, miƙa wa iska yake yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ya ƙona ta nan yake fita, kuma duk iskar da ta ratsa ce ke ɗauke shi. Iskar da ta shiga layin farko ta ɗumama kafin ta kai na biyu, kafin ta kai na uku ta riga ta ɗauki yawancin abin da za ta iya ɗauka, ga shi kuma kaurin ya sa ratsawar ta ƙara wuya. Shi ya sa mai layi biyu masu faɗin bututu daga kamfanin kirki yakan fi mai layi uku ko huɗu masu siraran bututu da aka yi don ido. A kan gudu iska na da ƙarfin tura kanta ta cikin mai kauri, amma a gosulon kasuwa fanka ce kaɗai ke ja, in fankar ba ta da ƙarfi mai kaurin zai iya ma fin na kamfani wahalar da kai.

Kuma wasan da kuke yi ya fi tseren zagaye gallaza wa tsarin sanyaya. Mai tsere yana da miƙaƙƙiyar hanya da iska ke bugun hancin mota. Kai kuwa injinka na kusa da ƙarshen juyinsa a giya ta biyu, motar na tafiya a karkace, gudunta a ƙasa kaɗan ne, iskar na bugun ƙofa ba hanci ba, ga ƙura da ɓarɓashin taya. Wato zafin motar da ke gudun kilomita 150 da iskar wadda ke gudun 40. Saboda haka robobin da ke kewaye da lagireto, da rigar fanka, da murfin ƙarƙashin inji da yara ke cirewa su jefar a gareji, duk aiki suke yi, su ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zille ta gefe. In akwai rata tsakanin kwandensa da lagireto a cike ta da soso mai jure zafi. Ka kuma zare lagireton ka duba tsakaninsu, bayan hunturu ɗaya a Kaduna za ka samu ƙura da ganye da leda sun yi tabarma a wajen.

Abu na gaba, kada ka yarda da allurar E46. An saita ta ne ta zauna a tsakiya daga wajen digiri 75 har kusan 115, duk lokacin da ka ga ta motsa daga tsakiya toh an riga an yi nisa. Ka sayi ƙaramar na'urar nan ta OBD mai Bluetooth, mai karanto bayanan kwamfutar mota, ka haɗa da waya ka riƙa ganin lambar gaskiya, ko ka buɗe ɓoyayyen menu na dashbod, ta gwaji na 19 ake buɗe shi, na 7 ke nuna zafin ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a M54, domin bulok ɗinsa goran ruwa ne, in ya dahu sosai bayan tof silinda, wato murfin saman inji, ta lanƙwashe har zaren da kusoshin tof ke kamawa a cikin bulok yakan tsige, ka zo ɗaurewa kusa ta riƙa juyawa ba ta kamawa.

Ruwan da za ka zuba, tsarin na cin lita 8 da 'yan kai. Ruwa zalla ya fi kulan (ruwan sanyaya inji na kanti) ɗaukar zafi, amma kulan ne ke hana tsatsa da cin ƙarfe, yana kuma ɗan ɗaga matakin tafasa. Mu nan ruwa ba ya daskarewa ko a tsakiyar Janairu, don haka ba dole sai rabi da rabi ba, kashi 30 zuwa 40 na kulan mai dacewa da BMW sauran tataccen ruwa ya wadatar. Tataccen ruwa ina nufin wanda ake ƙara wa batir, mara asid, a tabbatar kafin a zuba dan masu shago suna ajiye su kusa da juna. Murfin tanki kuma shi ne ke riƙe matsi, na E46 matsin bar 2 yake riƙewa, shi ya sa za ka ga 200 a jikinsa. A tsayin Kaduna ruwa a buɗe yana tafasa tun wajen digiri 98, matsin ne ke kai shi sama da 120 bai tafasa ba. Murfi in ya saki, mota za ta yi amai ko da komai nata lafiya yake.

Ɗan_Malali330

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban taɓa samun bayani haka ba. Oga yanzu na fita na gwada, na kunna esi na leƙa, fankar gaba ko motsi ba ta yi. Ta injin kuma tana juyawa amma gurnanin da ka faɗa ban taɓa ji ba tun da na sayi motar. Murfin ƙarƙashi ma babu, tun ranar da aka canja giya ban sake ganinsa ba. Abin da ke damuna yanzu shi ne maganar Injiniya ta tof, tunda ta kai ja har ta yi amai, ta yaya zan san ban riga na ƙona gasket ba? Kuma tunda ta zama manuwal, in bar fankar injin ko in cire?

Baban_Ummi

Yarona ni ba makanike ba ne, tsohon direba ne, na yi shekaru ina jan Fijo 504 tsakanin Kaduna da Legas lokacin da ake harhaɗa su a Kakuri. Abu ɗaya zan roƙe ka. Na ji daɗi da ka ce fili kuke zuwa a wajen gari, dan Allah abin ya tsaya a can. Na ga abin da wasan mota a cikin unguwa ranar ɗaurin aure ya jawo wa wani gida kusa da mu, yaron da aka buge bai kai shekara goma ba. Sannan murfin nan kada ka sake gwada buɗe shi da zafi ko da tsumma, bayan hannuna na dama har yau da tabo. Allah ya tsare.

Oga_Panteka

Amin Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanina gwajin gasket ba wuya. Da safe kafin ka tayar da ita matsa tiyon sama, ya kamata ya yi laushi. Buɗe murfi ka rufe, ka tayar, in cikin minti ɗaya ko biyu tiyon ya yi tauri kamar taya alhali inji bai ɗumama ba, hayaƙi na shiga ruwa. Duba farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari a salansa, duba ko tana rawa in an tayar da safe, duba ƙasan murfin baƙin mai ko akwai abu kamar madara. Wanda ya fi tabbas shi ne ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin tanki, in ya koma ruwan ɗorawa toh gasket ya tafi. Ka yi wannan kafin ka sayi ko da kilif ɗaya.

Fankar inji ni dai a motar wasa cire ta nake yi. Fukafukanta roba ne, sun tsufa, kuma kai kullum kana saman juyi, ranar da ta tarwatse za ta yanka tiyo ta huda sabon lagireton har bonet takan lotsa. E46 manuwal da yawa daga kamfani da fankar lantarki guda ɗaya suka zo a bayan lagireto, mai rigarta, ita za ka nema ko a nan ko a sa a kawo maka daga kasuwar Ladipo ta Legas, tana shiga soket ɗin ta gaban. Kuma kada kowa ya ce zai haɗa maka ita dairek da makulli. Kwamfuta ce ke ba ta gudu daidai da zafin da sensar tiyon ƙasa ta karanto da kuma matsin esi, a bar ta ta yi aikinta, sensar ce dai a canja tare da zobenta dan yana yawan yoyo.

In ka zo saye ka haɗa gaba ɗaya: tankin ruwa na gefe wanda shi ne ya fi komai fashewa a E46, murfinsa, tamostat, famfon ruwa mai kyau, tiyon sama da na ƙasa, bel da fulolinsa. Akwai kuma bututun roba biyu da ke kwance ƙarƙashin manifol, ba a ganinsu sai an kwance, su ma shekarunsu ɗaya da motar. Lagireto kuwa in aljihu ya kai ka ɗauki mai layi biyu na ɗaya daga kamfanonin da ka lissafa, wanda aka yi wa E46 takamaimai dan tanki da fanka su zauna a mazauninsu ba sai an yi ta ɗaure-ɗaure da waya ba, ka kuma faɗa musu manuwal ce yanzu. In bai kai ba, sabon lagireton Behr ko Nissens irin na kamfani da fanka mai rai ya fi mara suna mai layi uku nesa ba kusa ba, na sha ganin marasa sunan nan suna tsatsafo ta bakin walda tun wata na farko. A zaunar da shi a kan robobinsa, kar a ɗaure shi ƙam da jikin mota, girgizar hanyoyinmu tsaga shi za ta yi.

Cire iska shi ne inda yara ke kwafsawa. A ɗaga gaban motar kaɗan, a buɗe makulli ba tare da an tayar ba, hita a ƙarshen zafi fankarta a ƙasa, a sassauta ɗan sukurun da ke kusa da murfi, a riƙa zuba ruwa a hankali har ya fito ta nan ba kumfa. Sukurun roba ne, da an ji ya kama a tsaya.

Injiniya_U/Rimi

Ƙari kaɗan kan na Oga. In ka gama wannan duka ka ga ruwa ya daidaita, ka sa ido kan baƙin mai, lita 6 da rabi ne a injin nan kuma 330i ba ta zo da abin sanyaya shi ba, M3 ce ta zo da shi. A fili mai na iya yin zafi fiye da kima ruwa yana nuna lafiya. Kafin ka kai ga saka masa nasa ƙaramin lagireton, ka riƙa yin zagaye biyu ko uku ka fita ka yi tafiya miƙe a hankali iska ta ratsa, kada ka kashe ta nan take daga wasa.

Ɗan_Malali330

Na dawo da rahoto. An yi gwajin shuɗin ruwan jiya bai canja kala ba, alhamdulillah, tiyo ma da laushinsa da safe. Da muka zare lagireton abin da Injiniya ya faɗa muka tarar, tsakaninsa da kwandensa ƙura ce da gashin kaza da ledar fiya wata, mun cika rabin bokiti. Gidan tamostat kuwa fanko ne kamar yadda Oga ya ce, har da alamar inda aka sa sukundireba aka ɓalle shi. Mun saka fankar lantarki ta manuwal, sabon tamostat, tanki da murfi da famfo da tiyo biyu, muka wanke tsohon lagireton muka mayar na wucin gadi tunda na odar bai iso ba. Yau da ƙarfe biyu na rana na shiga gosulon kasuwa da gangan da esi a kunne, waya na nuna min 96 zuwa 99, na ji fanka ta tashi ta sauka da kanta. Fili kam ba zan je ba sai mai layi biyun ya zo an kuma samo murfin ƙarƙashi. Baba na ji maganarka, in sha Allah ba za a gan ni a cikin unguwa ba. Oga bututun ƙarƙashin manifol ɗin ne ban taɓa ba, in na kawo ta ranar Asabar da safe za ka samu duba min?